Hannuna na rawa idan zan nuna wasan karanta tunani: ta yaya ake samun natsuwa?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya hana ni sakat, kuma ina roƙon a yi haƙuri idan bayanin ya yi tsawo.

Wata 8 ke nan da na fara koyon wasan karanta tunani, wato reshen nan na rufa-ido da Turawa ke kira mentalizim, inda mai wasa yake nuna kamar ya san abin da ke cikin zuciyar mutum, ko kuma ya rubuta abin da mutum zai zaɓa tun bai zaɓa ba. Kallon shirye-shiryen Derren Brown na Ingila ne ya sa mini sha'awar abin, daga baya na samu littafin Tony Corinda mai matakai 13, na duƙufa a kan babin da ya yi bayanin aiki da ƙananan takardu. Idan ni kaɗai ne a ɗaki gaban madubi, komai yakan tafi sumul, har nakan yi wa kaina murmushi. Amma da zarar mutum biyu ko uku sun zuba mini ido, sai maƙogwarona ya bushe, yatsuna su kama rawa, magana ta riƙa fita da sauri kamar wanda aka biyo.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne abin da ya faru ranar Asabar da ta wuce, a walimar kammala karatun wani abokina. Mun kai mu 15 a kan tabarma bayan sallar isha'i, aka ce in nuna abin da nake koyo. Na ba wani bawan Allah takarda na ce ya rubuta sunan garin da aka haifi kakarsa, ya ninke ta huɗu, na karɓa na yayyaga, na zuba a kaskon turare ta ƙone. A daidai lokacin da ya kamata in yi ɗan aikin da masu wannan fanni suka sani, sai maganar da nake yi ta tsaya cak a tsakiyar jimla, idona kuma ya faɗa kan hannuna na hagu. Wani yaro da bai wuce shekara 10 ba ya ce, "Yaya, me ka dunƙule a hannunka?" Wuri ya ɗauki dariya. Na daure na ƙarasa, na faɗi sunan garin daidai, Gumel ne, amma ko mutum ɗaya bai yi mamaki ba, domin an riga an san ta inda na biyo.

Ina so in san yadda waɗanda suka riga ni suka rabu da wannan rawar jiki, da kuma ko ya fi kyau in haddace abin da zan faɗa kalma bayan kalma ko in bar bakina ya yi yadda ya saba. Sannan a lokutan da wasan ya yi kyau akan tambaye ni ko da aljanu nake aiki, ni kuwa sai in rasa amsa, in yi ta murmushin yaƙe.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka kwantar da hankalinka, domin babu wanda ya taɓa riƙe takarda a gaban jama'a bai gamu da irin wannan yaron ba. Na shafe sama da shekara 20 ina nuna rufa-ido a bukukuwan makarantu da tarukan abokai, kuma har yau yara na fi shakka, saboda su ba ruwansu da labarin da kake bayarwa, hannu suke kallo.

Sai dai ina so ka sake karanta abin da ka rubuta da kanka. Yaron nan bai ga takarda ba. Abin da ya gani shi ne babban mutum ya yi shiru ba gaira ba dalili, ya kalli hannunsa. Kai ne ka nuna masa wurin. Hausawa sun gama magana da suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma wannan ita ce cutar kowane sabon mai wasa: ka san akwai abin da ka ɓoye, sai jikinka ya riƙa yin halin mai laifi alhali babu wanda ya tuhume ka.

A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus, ana ce masa Hans mai wayo, wanda ake yi wa tambayar lissafi ya ba da amsa ta hanyar buga kofato a ƙasa. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya haƙiƙance dokinsa ya iya lissafi. A 1907 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Oskar Pfungst ya wallafa sakamakon bincikensa, inda ya nuna cewa mai tambayar dokin yake kallo: idan bugun kofaton ya kusa kai adadin da ake nema sai jikin mutumin ya ɗaure, idan ya kai sai ya ɗan saki jiki ko ya motsa kai kaɗan ba tare da saninsa ba, dokin kuwa sai ya tsaya. Da aka kawo mai tambayar da bai san amsar ba, ko aka tare wa dokin gani, sai lissafin ya watse. To, idan dabba tana iya gane ɗaurewar jikin mutum haka, ina ga yaro mai ido a tsakar ka?

Maganin da na sani shi ne wanda Dai Vernon, ɗan Kanada da masu rufa-ido ke kira Farfesa, ya yi ta nanata wa ɗalibansa har ya rasu a 1992, wato kowane motsin hannu ya yi kama da wanda mutum yake yi a ɗabi'arsa. Ga yadda za ka yi. Ka yanka takardu 50, ka jingine wayarka tana ɗaukar bidiyo, ka yayyaga su ɗaya bayan ɗaya da gaske, ba tare da ɓoye komai ba, kana yi kana hira da wani. Idan ka kalli bidiyon za ka ga cewa mai yaga takarda da gaske ba ya kallon hannunsa, ba ya manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ba ya ɗauke numfashi, kuma yakan gama ya wuce zuwa wani abin ba tare da ya tsaya ba. Sannan ka ɗauki na biyu kana yin aikin sirrin, ka jera su, ka yi ta gyara har sai ƙaninka ya kasa bambance wanne ne wanne. Madubi kuwa ka ba shi hutu. Shi ne ya koya maka kallon hannu, kuma da yawa daga cikinmu mukan ƙifta ido a daidai lokacin aikin ba mu sani ba, sai mu zaci ba a ganin komai alhali mu ne muka rufe ido.

Abu na biyu shi ne lokacin da ka zaɓa. Kada ka taɓa yin aikin sirri cikin shirun da ya kubce maka. Ka dubi mutumin a ido ka tambaye shi, "Kakar taka tana raye kuwa?" Duk wanda ke kan tabarmar zai juya ya kalle shi don jin amsa, kuma cikin wannan juyawar an gama komai. Hannun da ke riƙe da abu kuma ka ba shi aikin yi. Hannun da aka dunƙule haka kawai abin zargi ne, amma wanda ya shiga aljihu neman ashana babu mai tambayarsa. Bayan haka kada ka yi gaggawar faɗin amsa. Ka bar minti ɗaya ko biyu su wuce, a yi magana, takarda ta ƙone, har mutane su manta cewa ta taɓa bi ta hannunka.

Ka tsaya a kan wasa uku kacal, ka nuna kowanne sau 100 kafin ka ƙara wani, kuma wanda za ka buɗe da shi ya zama marar buƙatar gwanintar yatsu, domin mintunan farko su ne jiki ya fi rawa. Ka kuma rage nuna wa abokanka na ƙuruciya. Su sun zauna ne don su kama ka. Ka nemi mutum ɗaya da bai san ka ba, a teburin mai shayi ko a wurin jiran mota.

Malama Ta-Zazzau ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma nakan yi amfani da 'yan dabaru biyu ko uku na karanta tunani don in farkar da aji. Na yarda da duk abin da Baba Tsohon Hannu ya faɗa game da hannu, amma a ganina ya bar rabin matsalar, wato murya da kuma mutumin da kake ƙoƙarin zama.

Malam Sabon Shiga, ka ce Derren Brown ne ya ja ka. Mutumin nan tun a shekarar 2000 ya fara shirye-shirye a tashar talabijin ta Channel 4 a Ingila, yana magana da harshen da ya tashi da shi, ga mutanen ƙasarsa, da ma'aikata a bayansa da masu tace hoto. Ina kyautata zaton cewa ka ɗauko salonsa, da ƙura ido da rage murya da saurin magana, ka kawo shi kan tabarma gaban waɗanda suka san ka tun kana wasan ƙasa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kana fama da ɓoye takarda, kana kuma fama da ɓoye kanka, nauyi biyu ke nan a lokaci guda. Robert-Houdin, wani shahararren mai rufa-ido na Faransa a ƙarni na 19, ya bayyana mai rufa-ido da cewa ɗan wasan kwaikwayo ne da ya fito a matsayin mai sihiri. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, sabon ɗan wasa ya fara da matsayin da ya fi kusa da halinsa. Naka shi ne ɗalibin da ya gano wani abu mai ban sha'awa yake so ya gwada. Idan ka buɗe da "bari mu gwada wani abu, ko ya yi ko kada ya yi," ka sauke wa kanka kayan da babu wanda ya ɗora maka.

Game da hadda, ka koma littafin da ke hannunka. An haɗa matakan nan 13 cikin littafi guda a 1961, kuma na ƙarshensu a kan magana da yadda ake gabatar da wasa yake, wanda yawancin masu koyo suke tsallakewa. Shawarata ita ce ka rubuta abin da za ka faɗa da Hausar bakinka, ka karanta da ƙarfi, ka soke duk jimlar da ba za ka iya faɗa wa abokinka a hira ba. Ka haddace jimlolin buɗewa, da umarnin da za ka ba mutum, da jimlar rufewa, sauran kuma ka bar shi a sake. Umarnin ne ba ya son kuskure ko na kalma ɗaya. Misali, idan ka ce wa mutum ya riya lamba tsakanin 1 da 50, mai alƙaluma biyu, dukkansu mara (wato waɗanda ba sa rabuwa biyu daidai), kuma kada su zama iri ɗaya, lambobi 8 kacal suka rage masa: 13, 15, 17, 19, 31, 35, 37 da 39, kuma sanannen abu ne a wannan fanni cewa mutane da yawa kan faɗa kan 37. Ranar da na fara gwada wannan da Hausa a aji, kalmar "mara" ce ta rikita yara, har wata ta rubuta 24. Sai da na zauna na sake gina jimlar, na sa misali a ciki, na ce "kamar 15, amma ban da irin su 11," sannan abin ya fara zama.

Na kawo wannan wasan ne da gangan, saboda ba kullum yake dacewa ba, kuma kana buƙatar ka saba da kuskure a gaban mutane ka ga ba a mutuwa. Kreskin, wani mai wasan karanta tunani na Amurka wanda ya rasu a 2024, yakan sa a ɓoye takardar kuɗin ladansa a cikin zauren wasa, da sharaɗin idan bai gano ta ba ya yafe, kuma akwai lokutan da ya kasa, amma hakan bai rage masa 'yan kallo ba.

Bushewar baki da bugun zuciya kuwa aikin sinadarin adiranalin ne da jiki ke saki idan ya hango barazana, kuma yakan lafa da kansa. Ka sha ruwa kafin ka fara, ka ja numfashi ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka shaƙa, ka yi haka sau uku ko huɗu. Kafin ka faɗi amsa kuma ka ƙirga biyar a zuci kana kallon mutumin. A wurinka zai yi kamar shekara, a wurinsu kuwa nan ne daɗin wasan yake.

Abu Hanan ya amsa:

Assalamu alaikum. An amsa biyu an bar ta uku, ni kuwa ita ce ta fi damuna. Ɗan'uwa, murmushin yaƙen da kake yi idan an tambaye ka batun aljanu, a wurin mai tambaya amsa ce, kuma "e" yake ji. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaibu Allah kaɗai ya san shi, kuma hadisi ya inganta a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Akwai malaman da suke ƙyamar rufa-ido baki ɗaya, akwai kuma masu sassautawa idan an bayyana wa mutane cewa dabara ce, don haka ka zauna da malamin da ka amince da shi ka faɗa masa ainihin abin da kake yi.

Kada ka ɗauka mutane za su gane da kansu. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 na jami'a a Amurka bayanin halayensu, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, alhali takarda ɗaya ce ya raba musu, wadda ya tsinto jimlolinta daga wani littafin taurari. Da ya ce su auna dacewar bayanin da su daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin ya haura 4. Haka kuma daga 1979, wasu samari biyu da ba su kai shekara 20 ba, Steve Shaw da Michael Edwards, sun yi ta ruɗar masu bincike a wani ɗakin gwaji na Jami'ar Washington da ke St. Louis da dabaru masu sauƙi, har aka ɗauka baiwa ce gare su, sai a 1983 James Randi, mai rufa-idon da ya tura su, ya tona asirin. Idan masu digiri sun ruɗu haka, ka yi tunanin baiwar Allah da za ta tare ka bayan walima ta ce an sace mata sarƙa, ka duba mata wanda ya ɗauka.

Malama, ki gafarce ni, a nan ne nake ɗan jin tsoron shawararki ta sabawa da kuskure. Masu wannan sana'a sun san cewa kuskure kaɗan yana ƙara sa mutane su gaskata, domin sukan ce da dabara ce ai da ba za ta kuskure ba.

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Malam Abu Hanan ya yi gaskiya, kuma maganarsa ba ta fita daga batun natsuwa ba. Shekarun farko da na yi ina barin mutane cikin shakka su ne shekarun da na fi jin tsoro, saboda idan aka kama ni, maƙaryaci aka kama. Daga ranar da na fara buɗe wasa da cewa, "Jama'a, abin da za ku gani dabara ce da koyo, ba ni da aljani ko ɗaya, ban kuma san gaibu ba, aikina in ruɗe idonku, naku ku hana ni," sai na ji kamar an zare mini ƙaya. Idan yaro ya kama ni yanzu, wasa ya ci, sai in sa a tafa masa in wuce na gaba. Shi ma Brown ɗin yakan faɗa a shirye-shiryensa cewa abin da yake yi haɗin rufa-ido ne da cusa ra'ayi da sanin halayyar mutane da karkatar da hankali da iya nuna wasa.

Inda na saɓa da Malama shi ne barin tsakiyar magana a sake. Wannan sai wanda ya goge. Sabon shiga idan ya zo daidai wurin aikin sirri ba shi da jimla a shirye, ƙwaƙwalwarsa takan koma kan yatsu ta saki harshe, kuma abin da ya faru a walimar ke nan. Jimlar da ke rufe aikin ita ce ta fi kowacce cancantar hadda.

Sabon Shiga ya dawo:

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna, yau mako biyu ke nan.

Na yi bidiyon takardu 50 kamar yadda Baba ya ce, kuma abin da na gani ya ba ni kunya: duk lokacin da na zo wurin aikin sai kafaɗata ta hagu ta ɗaga, in kuma lashi leɓe, abin da ban taɓa gani a madubi ba. Kafaɗar ta fara sauka, lasar leɓen ce har yanzu ta ƙi bari. Na rubuta maganata da Hausa, na soke fiye da rabinta da na karanta da ƙarfi, domin na ji ba ni ne nake magana ba. Na kuma haddace jimlar da ke rufe aikin.

Jiya da daddare na gwada a teburin wani mai shayi a unguwar da ba a san ni ba. Na fara da bayanin cewa dabara ce. Na buɗe da wasan lamba, mutumin ya riya 35 ni kuwa na rubuta 37, aka yi dariya, ni ma na yi, kuma ga mamakina gabana bai faɗi ba. Sannan na yi na takardar da wani direba. Na tambaye shi ko kakarsa tana raye, ya shiga ba da labarinta, har na nemo ashana na ƙone takardar babu wanda ya kalli hannuna. Da na faɗi sunan garin sai ya ajiye kofin shayinsa ya yi salati.

Sai dai duk da bayanin da na yi da farko, da zan tafi ya biyo ni har bakin titi yana cewa shi dai bai yarda dabara ce kawai ba, in taimaka in ba shi lambar wayata. Ban ba shi ba, na sake rantse masa cewa koyo ne, amma ban ga alamar ya gamsu ba. Malam Abu Hanan, a irin wannan hali ya kamata in nuna masa yadda aka yi ne, ko rantsuwar ta wadatar?